Keken kabon ba ya son ƙarfin hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasan da ke sayen kekunan tsere na kabon, musamman na gwanjo. Da yawa daga cikin firam ɗin da ke tsagewa ba hatsari ne ya tsage su ba, sifana ce.

Kabon zare ne aka jera, aka haɗe da ƙaro. Yana jure nauyin mahayi, amma ba ya jure matsa a wuri guda. Ƙarfe idan an matse shi lanƙwasa yake yi, a gani. Kabon kuwa ta ciki yake rabuwa, fenti na nan lafiya ƙalau. Shi ya sa ake rubuta lamba a jikin wuyan kan keke da maɗaurin sandar sirdi, galibi 4 zuwa 6 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti. Wannan ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, kuma hannun da ya saba da notin keken ƙarfe zai wuce shi bai sani ba. Mai gyara ba shi da laifi, da haka ya koyi aikin. Saboda haka kafin wili mai tsada, a fara sayen sifana mai ma'aunin ƙarfi. Idan sirdi na zamewa ƙasa, kada a ƙara ɗauri, kada kuma a sa giris. A shafa man haɗa kabon, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa a ciki, shi ke riƙewa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bututun fok, wato saman cokalin da ke riƙe tayar gaba, inda ake ɗaura wuyan kan keke. Tauraron ƙarfen nan da ake bugawa da guduma cikin bututun alminiyom, haƙoransa yanka kabon suke yi. Na kabon yana da nasa toshi mai buɗewa idan an juya shi. Wajen yanke bututun, a auna sau biyu, a naɗe wurin da salatif, a yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, a jiƙa wurin don kada a shaƙi ƙurar. Bakin bututun ya tsaya kamar milimita 3 ƙasa da saman zoben ƙarshe cikin waɗanda ake jerawa a jikinsa. Murfin sama ake fara ɗaurewa har kan ya daina girgiɗi, sannan notocin gefen wuyan kan, ana juya su bi da bi. Wanda ya fara da na gefe, komai ya ɗaure murfi girgiɗin na nan.

Mai sayen gwanjo ya wanke firam tas, ya haska shi da tocila, ya ƙwanƙwasa da kwandala a hankali. Inda sautin ya mutu, a yi shakka. A duba ƙarƙashin maɗaurin sirdi da gefen kaca. A zare fok a gani da ido. Mai kayan da ya hana, a bar masa kekensa.

Sai maganar nauyi, wadda ke cinye kuɗin mutane. Tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shiga gasarta da keken da bai kai kilo 6.8 ba. Tsakanin kayan giya da birki samfurin Shimano 105 da na Dura-Ace mai tsada, bambancin nauyi 'yan ɗaruruwan giram ne, bai kai nauyin gorar ruwa cike ba, kuɗin kuwa ya ninka ya wuce. A titunanmu masu rami da yashi, taya mai kyau mai faɗin milimita 28 ko 30 ta fi amfani, muddin firam zai ɗauka. Tsofaffin firam masu birkin rim da yawa ba sa wuce 25 ko 28, kuma dole a bar rata ta milimita 4 kowane gefe, in ba haka ba yashin da taya ta kwaso zai dinga goge kabon.

Rim ɗin kabon yana da nasa robar birki. Wadda ta taɓa hawa alminiyom akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinta, za ta kankare shi. A gangare mai tsawo kada a riƙe birki ɗam, a dinga kamawa ana saki, domin zafi na sassauta ƙaron. Rim marar ƙugiyar riƙe bakin taya kuma iskarsa ba ta wuce psi 72 a ma'aunin iska, don haka kada a miƙa shi ga injin mai faci.

Lokacin hunturu, man da ke da kauri yana kwasar ƙura ya cinye kaca, gara busasshen mai ko kakin da aka yi don kaca. Kacar keke mai giya 11 ko 12, idan ma'auni ya nuna miƙewar kashi 0.5 cikin ɗari, a sauya ta tun ba ta ci haƙoran baya ba.

Na gode.

Mai karatu,
daga Kaduna