Shirun da ke tsakanin minsharin tsoho ya fi minsharin haɗari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin jan hankalin masu kula da iyaye tsofaffi kan wata larura da ake yi wa kallon abin dariya, wato tsayawar numfashi a cikin barci. Sau da yawa za ka ji ana cewa "Baba akwai minshari," a yi murmushi a wuce. Abin dubawa shi ne shirun da kan biyo bayan minsharin: ƙara ta yanke, ƙirji da ciki suna ta motsi amma iska ba ta shiga, can sai tsohon ya ja numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe shi, ya koma barci. Shi bai san an yi ba. Wanda ke kwana kusa da shi ne kaɗai shaida.

Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta rufe. Tsufa yana ƙara wannan sakin, don haka ko siririn tsoho bai tsira ba. Likitoci suna lissafa duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Kowace tsayawa tana rage iskar oksijin a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci, zuciya ta yi ta bugawa da sauri. Shi ya sa da safe yake tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yi ta gyangyaɗi ana cikin hira, ga mantuwa, ga tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare. Hawan jinin da ya ƙi sauka duk da ana shan magani iri biyu ko uku shi ma alama ce, kuma larurar tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Kafin a sayi komai, a zauna kusa da shi bayan barci ya ɗauke shi, a ɗauki bidiyo da waya na minti 5 zuwa 10, yadda za a ga ƙirji a kuma ji sauti. A rubuta tsawon shirun da yadda yake kwance. Wannan ya fi wa likita amfani fiye da dogon bayani, kuma shi zai sa a tura shi gwajin barci.

Akwai wani nau'i da bai kamata a haɗa da wannan ba. Idan tsoho ba ya iya kwanciya sai an tara masa filo, ko yana farkawa bayan awa ɗaya ko biyu yana haki har sai ya tashi zaune, ga kumburin ƙafa, to zuciya ake zargi, ruwa ne ke taruwa a huhu. Haka ma numfashin da ke hawa a hankali, ya sauka, ya tsaya, ya sake farawa ba tare da wani yunƙuri ba. Wannan na asibiti ne, gyaran kwanciya ba zai warkar da shi ba. In kuwa leɓe ya canza launi, ko ana tashinsa ya ƙi farkawa, ko yana tarin kumfa, ba a jiran gari ya waye.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ba da maganin barci saboda "Mama ba ta samun barci." Diazepam da makamantansa, da kodin, da tiramadol, da barasa, duk suna ƙara sakin maƙogwaro, suna kuma danne farkawar nan da ke ceton mutum. A tattara duk magungunan da take sha a kai wa likita ya duba, kada a dakatar da wanda aka daɗe ana sha kai tsaye. Haka kuma ba a saka wa mutum oksijin ba da umarnin likita ba, musamman mai daɗaɗɗen ciwon huhu.

A gida, a hana kwanciyar rigingine. A sa dogon filo a bayansa don ya ci gaba da kwanciya a gefe, a ɗaga saman jiki tun daga kafaɗa kamar digiri 30. Tara filo a ƙarƙashin kai kaɗai yana lanƙwasa wuya, ya ƙara matse hanyar.

Idan aka rubuta na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fara gwadawa a Ostiraliya aka kuma wallafa sakamakonta a 1981, aikin mai jinya ya soma ne. Iska take hurawa ta tiyo zuwa takunkumin hanci don hanyar ta zauna a buɗe, kuma likita ne ke saita ƙarfinta, yawanci tsakanin 4 da 20 a ma'aunin na'urar. Yawancin tsofaffi suna cire ta ne saboda ƙananan abubuwa. Iska tana zuba ta gefe zuwa ido, sai a ƙara ɗaure igiya, robar ta murƙushe, zubar ta ƙaru, karan hanci ya yi gyambo. A sassauta, a ɗaga takunkumin a sake zaunar da shi yana kwance, na'ura tana aiki. Wanda ya cire haƙoran roba kumatunsa kan faɗa, girman da aka gwada masa da rana ba zai zauna da dare ba, don haka a gwada yadda zai kwana. Mai buɗe baki yana buƙatar wanda ya rufe hanci da baki. Ƙananan ramukan da ke jikin takunkumin na fitar da iskar da ta fito daga huhun mutum ne, kada a toshe su da sunan gyara.

A bar tsohon ya saba da na'urar da rana, minti 20 zuwa 30 yana zaune. A goge robar kullum da ruwan ɗumi da sabulu mara turare, a wanke tiyo duk mako a shanya, a zuba tataccen ruwa a tankin na'urar da ke ba iska danshi a sauya kowace rana, a duba matatar iska. Ƙasa da awa 4 a dare ba a lissafa shi a matsayin cikakken amfani, kuma na'urar tana ajiye wannan lissafin, sai a tafi da katinta duk ranar ganin likita.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da tsofaffi