Ina hotunan katinmu suke kwana?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Baƙonku ya cinye lokacin kaf yana kiran a tsananta hukunci a kan masu rubutu a Facebook, amma ko sau ɗaya bai taɓo inda gizo ke saƙa ba, wato rajistar layin waya.

Ku zo bakin kasuwar Maradi ku gani. Mai sayar da sim yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, gaba da baya, da wayarsa ta kansa. An gama rajista, mai kati ya tafi, hoto yana nan. Wani ma ya riga ya tura wa ubangidansa ta WhatsApp, ya zama a waya biyu ke nan. Da katin nan guda, marar tsoron Allah zai buɗe wasu layuka ya sayar wa wanda ba ya son a san sunansa. Ranar da aka damfari wani da layin, sunan wa ƴan sanda za su gani? Na tsohuwar da ta zo daga ƙauye, wadda ko karanta katin ba ta iyawa. Wannan cin amana ne, kuma ya fi zagin Facebook cutarwa nesa ba kusa ba.

Da kun gaya wa mutane ko abu kaɗan ne. A sa mai rajista ya goge hoton a gaban mai kati, sannan ya shiga kwandon shara na wayar ya sake gogewa, domin a yawancin wayoyi hoton da aka goge yana zama can har kwana 30, ana iya maido shi. In kwafin takarda aka karɓa, a rubuta kwanan wata da dalili a kansa da biro. Wanda kuma zai bar layi, kada ya jefar da sim kawai. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani yana ba wani, kuma lambobi 6 na buɗe WhatsApp ga sabon mai layin za su je. Ya mayar da WhatsApp ɗinsa kan sabuwar lamba tukuna, ya sa makulli na biyu, wato ƙarin lambar sirri da shi kaɗai ya sani.

Doka fa akwai ta. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, ga hukumar HAPDP mai kula da kare waɗannan bayanai a Yamai, ga ARCEP mai sa ido kan kamfanonin waya. Dokar laifukan intanet ta 2019 kowa ya ji ta, wannan kuwa talaka bai san da ita ba. Ku gayyato hukumomin nan biyu, su faɗa mana yadda mutum zai san layuka nawa aka buɗe da sunansa, da inda ɗan Maradi zai kai ƙara ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Yamai ba.

Sannan don Allah ku ja kunnen baƙinku. Shirin Hausa ne, amma rabin maganar da Faransanci aka yi ta, mai gabatarwa bai fassara ko ɗaya ba.

Mai sauraronku,
daga Maradi