Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Ungogo: A Ware Wa Marasa Galihu Fili Tun Igiya Ba Ta Cinye Gonakin Ba

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, ni malamin makaranta ne, mazaunin Bachirawa, kuma ɗan haya. Maganar muhalli ce ta sa na ɗauki alƙalami, na kuma zaɓi in yi ta a bainar jama'a domin ba tawa ce ni kaɗai ba.

A layinmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar a ɗaki ɗaya. Ko wata guda ba ta yi da fita takaba ba mai gidan ya turo dillali: an ƙara kuɗin haya, kuma na shekara ake so a dunƙule. Wankau take yi da kitso. Mun yi karo-karo a masallaci bayan magariba, abin da aka tara bai kai rabi ba. Yau tana wani kango a bayan unguwa, buhu ne labulen ƙofarta, mai kangon ya bar ta a matsayin mai gadi zuwa ranar da zai samu kuɗin rufi. Ba na ɗora wa mai gidan laifin duka, domin shi ma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi a kansa. Abin da ya hana ni barci shi ne, daga mai unguwa sai liman, nan dabararmu ta ƙare.

Na san za a ce gidaje aikin jiha ne da tarayya. Ranka ya daɗe, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a layin da ya ambaci maƙabartu, a nan ya ambaci kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kula da su. Ya ba ku magudanan ruwa da tituna, ya ba ku sanya wa layuka suna da gidaje lamba, ya ba ku kwashe shara da bandakunan jama'a. Kowa ya yarda katange maƙabarta aikin ciyaman ne, kuma aikin lada ne. Makwancin rayayye da ya gajiya ma a wuyanku yake, da nassin doka ɗaya. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatar da shi yana jan ƙafa, na sani, amma kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya da sunanku ake raba shi, kuma tsara abin da za a yi da kuɗi ba sai sun shigo hannu ba.

Ba rukunin gidaje irin Kwankwasiyya ko Amana ko Bandirawo nake roƙo ba. Waɗannan jiha ce ta gina, gidaje ne na gani na faɗa, sai dai mai tura baro da mai wankau ko a mafarki ba sa kai kansu can. A yi lissafi: mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne, a farkon shekarar kuwa buhun siminti ya haura naira dubu 10. Wato ma'aikaci ya yi wata cur bai ci ba bai sha ba, ko buhu bakwai ba zai ɗauko ba. Ina ga wanda ba shi da albashin?

Abin da nake roƙo fili ne, kuma yanzu. Duk wanda ya san Ungogo shekara ashirin baya ya san wuraren da ake noman dawa da gero waɗanda yau gidaje ne bango na jingine da bango. A ƙidayar 2006 mun haura mutum dubu 350, tun daga lokacin kuma birni yake ta amayo mana jama'a, daga Kurna zuwa Bachirawa, daga Rijiyar Zaki zuwa Kadawa, har Rangaza da Gayawa. Akasarin wannan yaɗuwa awon igiya ce. Magada su sayar da gona, dillali ya ja igiya ya yanka fuloti, a bar lungun da ko motar kashe gobara ba ta shiga, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba hanyar ruwa. Kududdufin da kakanninmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsa, wanda shi ke shanye ruwan unguwa, shi ma a cike shi da shara a sayar. Idan Agusta ta zo ruwa ya nemi tsohon gidansa, ɗakin da ya fi arha shi ne yake fara faɗuwa, wanda ke cikinsa kuma shi ne wanda bai da wurin zuwa. Ban tsani awon igiya ba, da ita talakawa da yawa suka samu inda suka sa haƙarƙarinsu. Amma igiya ba ta ware wa bazawara ko taku ɗaya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya, da ɗaukar fili domin amfanin jama'a, a wuraren da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba. Inda aka ayyana kuwa, sai a zauna da ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA. Ko ta wace hanya, a nemi ko da kadada ɗaya ce a kowace daga cikin mazaɓunmu 11, a biya masu gona diyya ta gaskiya, a rubuta shi hubusi yadda babu wani shugaba da zai zo gobe ya yanka wa 'yan siyasa. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, a sa ta a cikin takardar. Masu hali da yawa suna son sadaka mai gudana, tsoron kada a cinye ne yake riƙe hannunsu. Idan suka ga fili da takarda da kwamitin amintattu, wani zai gina ɗaki biyu, wani ya haƙa rijiyar burtsatse.

Ginin kuma kada a ƙawata shi. Ciki da falo, ko ɗaki ɗaya da madafa, banɗaki wadatacce, tsakar gida da yara za su yi wasa. Bulon ƙasa da aka matse da ɗan siminti, a kan harsashi mai ƙwari, ya fi bulon siminti sanyi a watan Afrilu, kuma maginanmu sun iya. A karɓi haya kaɗan wata-wata, domin kuɗin shekara a dunƙule shi ne yake karya talaka, abin da aka tara kuma ya tafi gyara.

Sai batun wa zai shiga, wanda nan ne irin wannan aiki yake lalacewa. Masu unguwanni da dagatai sun san gidan da aka yi rasuwa, sun san tsohon da 'ya'yansa suka watse, sun san makahon da ke kwana a soron mutane. A Yadakunya akwai bayin Allah da suka warke daga kuturta amma garuruwansu ba su karɓe su ba. A buɗe rajista a kowace mazaɓa, mai unguwa da liman da wakiliyar mata su sa hannu, a karanta ƙa'idojin a fili, kada katin jam'iyya ya shiga ciki. Daga rajistar nan kuma a ware ɗan asusun gaggawa da zai biya wa mace hayar wata uku bayan takaba, kafin dangi su farfaɗo.

Ina roƙon a sa wannan a kasafin kuɗin baɗi da layinsa na kansa, a kira taron jama'a a sakatariya kafin kansiloli su amince. Idan aka kira zan zo, tare da mutanen layinmu. Mai kangon nan ya fara kawo kwanon rufi, ya kuma ce wa baiwar Allah ta nemi wuri kafin damina.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Bachirawa, Ungogo