Zuwa ga Mamana, kafin ki ɗebi jinin ɗan kowa

Assalamu alaikum Mamana,

Ya sanyin can, ya karatu. Mu nan Alhamdulillahi, ƙafar Hajiya da sauƙi, Abba ma ya koma makaranta bayan abin nan da kika sani, kar ki tayar masa da zancen idan kunyi waya.

Ba a bakinki naji ba, kuma wannan ne ya fara ɓata min rai. Gwaggonki ce tace min wai farfesanki ya samu kuɗin bincike, za ki zo da damina ki ɗebi jinin yara masu zazzaɓi a ƙauyukanmu a saka a ƙanƙara a wuce dashi can, kuma wai da sunana za ki shiga wajen hakimi tunda ya sanni. In ba haka bane ki gaya min. In haka ne to ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, kar kiyi min irin karatun nan naku na tsallake layi.

Ni ba jahilin aikinki bane, a lab na tsufa, da hannuna na shafa jini a gilashi na leƙa na ƙirga ƙwayar maleriya tun ba a haife ki ba. Na san tambayar da kike bi tambaya ce mai kyau, me yasa jariri yake samun ɗan sauƙi a watannin farko saboda garkuwar da ya ɗauko daga uwa, sannan ta janye ya shiga shekarun da zazzaɓi ke kashewa, me yasa babba a ƙauye zai yi yawo da ƙwayar a jininsa yana noma lafiya lau amma ɗan shekara 2 ta kayar dashi ya fara jijjiga. Wanda ya gano bakin zaren wannan ya yi wa al'umma aiki. Shi yasa lokacin da kika ce kin bar duba marasa lafiya za ki koma ilimin garkuwar jiki, dangi sukayi ca a kaina, ni na tsaya miki, kin san me aka sayar aka biya kuɗin jirgin farko, ba gori nake miki ba.

Tsorona ɗaya ne, kar ki zama cikin masu zuwa su ɗiba su tafi. Na gansu da yawa Mamana, suzo da mota mai sanyi da fom da turanci, uwa ta dangwala yatsa bata san me ta dangwala ba, ita dai taga farar riga ta ɗauka magani aka kawo, a cika kwalabe a tafi, bayan shekara biyu sunan wani ya fito a mujalla ya zama farfesa, ita kuwa ko sakamakon jinin ɗanta ba wanda ya dawo ya faɗa mata. Kuma wannan karon ba baƙo bane zai yi, ke ce, da Hausarki da hijabinki da sunan ubanki, wato za su yarda dake fiye da yadda za su yarda da kowa, abin da yake hanani barci kenan.

Kina ƙarama a 1996 lokacin da sanƙarau ya shigo Arewa, mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. A tsakiyar wannan masifa kamfanin maganin nan na Amurka ya zo Kano ya gwada sabon magani, yara wajen 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, kamfanin yace cutar ce ta kashe su, iyaye sukace ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Shari'a tayi ta ja har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano akan dala miliyan 75. Kuɗi kuma basu dawo da yarda ba. Da aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano sai wajen tsakiyar 2004 aka dawo dashi, wannan labarin yana cikin abin da mutane suke kafa hujja dashi, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne suna nan kina ganinsu a bakin titi. Sai 2020 aka iya cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yarda kamar tulu ce, in ta fashe ba mai ɗinke ta. Ke kuma kina so ki shigo da sirinji a sati shida ki fita.

Kin turo min hoton shafinki na Google Scholar, inda ake ƙirga masu ambaton takardun bincike, kina murna an ambaci takardarki sau kaza. Nayi murna wallahi, na nuna wa mutanen masallaci. Amma bari in gaya miki wanda nake auna masanin garkuwar jiki dashi. Brian Greenwood, Bature ne ɗan Ingila, ya fara zuwa Ibadan a 1965, ya koma gida ya karanci fannin nan naki, sannan a 1970 ya zo Zariya jami'ar Ahmadu Bello ya zauna shekara 10. Shekara goma Mamana, da zafin bazara da ƙurar hunturu. A nan ne shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yaron da maleriya ta kama garkuwarsa tana raunana, har in anyi masa rigakafi jikinsa baya amsawa yadda ya kamata, kuma sukayi aiki sosai akan sanƙarau da hanyar gane shi da wuri daga ruwan ƙashin baya. Daga nan ya tafi Gambiya a 1980 ya shugabanci cibiyar bincike shekara 15, can akayi gwajin da ya nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara, can aka gwada rigakafin cututtukan da ke kawo limoniya da sanƙarau ga jarirai. Maganin nan da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 duk wata da damina, wanda hukumar lafiya ta duniya ta amince dashi a 2012, yana cikin waɗanda suka yi ta fafutukar tabbatar dashi. Ya samu lambobin yabo, Japan ta bashi ta Noguchi a 2008, Ingila ta bashi sarautar Sir, amma ni ba su nake kallo ba, gidan sauron da 'ya'yan Yayarki suke kwana ciki nake kallo. Kuma ya horar da 'yan Afirka da yawa har suka zama shugabannin nasu wuraren.

In kince ai shi Bature ne da gata, to ga Halidou Tinto a Nanoro ta Burkina Faso, ƙauye ne, a can ya tsaya ya gina wajen bincikensa, a can akayi gwajin rigakafin maleriya R21 da sakamakonsa ya fito a 2021, wanda aka fara yi wa yara a Kebbi a ƙarshen 2024. Mutanen Nanoro sun san inda za su same shi in wani abu ya faru. Ke ina za su same ki?

Kuma ki daina ce min ba wuta ba firiza ba kayan aiki, na fi ki sanin babu, a cikin babun nayi aiki. Wanda ya iya rubuta takarda aka bashi kuɗin ɗaukar jini zuwa Turai ya iya rubuta a saka sola da firiza a ciki. Kunya kike ji ki tambayi farfesan naki ko tsoro? Ban haifi 'yar da za ta riƙe wa wani jaka a garin ubanta ba. Raina a ɓace yake, gara ki sani.

Ga abin da nake so. Takardar neman yardar iyaye ki rubuta ta da Hausar da Hajiya za ta gane, ki turo min in karanta kafin kowa, a faɗi ƙarara cewa bincike ne, jini cokali nawa, ina za a kai shi, shekara nawa za a ajiye, kuma wadda tace a'a za a duba ɗanta a bashi magani kamar kowa. Kwamitin ɗa'a mai tantance bincike na nan gida ya sa hannu, na can kaɗai bai isheni ba. Duk yaron da kika samu da ƙwayar a yi masa magani a ranar. Yaran lab da nas nas ɗin da za su yi miki wahala sunansu ya fito a takardar, ko ɗaya a cikinsu ki koya masa aikin har ya iya ba ke. In an gama ki dawo da ƙafarki ƙofar gidan mai gari ki faɗa wa matan nan abin da kika gani a jinin 'ya'yansu. In kin yarda da wannan ni da kaina zan saka babbar riga in raka ki wajen hakimi. In baki yarda ba kar ki ambaci sunana a can.

Na san zuciyarki Mamana, ke ce kike kuka in an yi wa Abba allura, ban ɗauka mugunta za ki yi ba, gaggawa nake ji miki da matsin masu ba da kuɗi. Sannan ki tuna kin daɗe rabonki da cizon sauronmu, garkuwar da kika tashi da ita ta yi sanyi, kin fini sanin wannan, ki fara shan maganin kariya kafin ki taso kuma a gidan sauro za ki kwana ko kina so ko ba kya so, Hajiya ta riga ta ɗaura miki sabo a ɗakin baya. Ki kirani ranar Juma'a bayan an sauko, ni kaɗai, kafin ki kira ta.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki