A bar kwamfuta ta riƙa ajiye kwafin fayiloli da kanta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da muke sakaci da shi mu masu aiki da kwamfuta, wato ajiye kwafin fayilolinmu a wani wurin daban, abin da ake cewa bakof. Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran laftof ya san yadda abin yake, ɗalibi zai shigo furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe yana ciki, ko ɗan kasuwa da lissafin bashin da yake bin mutane, ko wani da hotunan iyayensa da suka rasu, mai gyara ya kunna ya kara kunne ya ji had-diski na ƙas-ƙas-ƙas, sai kawai ya girgiza kai. Had-diski faifai ne yake juyawa a ciki, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta isa ta kashe shi, shi kuwa SSD, ma'ajiyar fayil marar faifai da sababbin kwamfutoci ke zuwa da shi, ko ƙarar ma ba ya yi, wata rana dai ka kunna ka ga babu.

Ni a ganina ba rashin sani ne matsalarmu ba, kowa ya san ya kamata ya kwafa, amma kullum sai an ce bari zuwa Juma'a, Juma'ar ta zo ta wuce. Shi ya sa hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda ba ta jiran sai ka tuna. Kuma wallahi tana nan cikin kwamfutar kyauta. Tun Windows 8 da ta fito a 2012 akwai File History, ka sayi had-diski na waje ka jona, ka shiga Control Panel ka kunna shi sau ɗaya, shikenan duk bayan awa zai riƙa kwafe abin da ya canza, har tsofaffin kwafi yana ajiyewa, in ka ɓata babi na uku yau za ka iya dawo da na jiya. Sai dai a kula, abin da ke Documents da Pictures da Desktop da makamantansu yake ɗauka, in kana da folda a wani lungu sai ka ƙara masa ita. Masu Mac, kwamfutar kamfanin Apple, kuma suna da Time Machine mai irin wannan aikin tun 2007. Tunda mu nan sai an kawo wuta ake rububin caji, to ka haɗa biyun, kana sa caja kana jona diskin, ka gama ka cire. Cirewar tana da muhimmanci domin irin bairos ɗin nan mai kulle fayil ya nemi kuɗi, kamar WannaCry da ya tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya a 2017, har abin da ke jone yana iya kullewa.

To amma diski ɗaya bai isa ba in a jaka ɗaya yake da laftof, ɓarawo ba zai bar maka ɗaya ba, gobara ma haka, mutanen Kano ba su manta da ta kasuwar Sabon Gari a 2016 ba. Masana suna cewa kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 kuma a nesa da gida. Na nesan nan intanet ta sauƙaƙa shi, Google Drive na ba da 15GB kyauta duk da Gmail da Google Photos suna ci a ciki, OneDrive kuma 5GB. Na san za a ce data ta yi tsada, gaskiya ne, amma takardun Word da Excel da hoton takardar fili ko satifiket ba su da nauyi, su za a ɗora, bidiyon biki ya zauna a diski. A kuma sani in folda tana haɗe da Drive ka goge fayil a kwamfuta, can ma zai gogu, kwana 30 yake yi a kwandon shara kafin ya tafi gaba ɗaya.

Filash kuwa don Allah kar a dogara da shi, yau yana shagon firintin gobe yana kafe, ya kwaso bairos ɗin da ke mai da folda shotkot, wato ya ɓoye ta ya bar alamarta kawai, ga na jabu da ake rubuta musu girman da ba su kai ba, ka zuba abu ya nuna ya shiga alhali ya lalace.

Roƙona ga masu gyara da masu sayar da laftof, kafin kwastoma ya bar shago a kunna masa wannan abin, a kuma nuna masa yadda zai dawo da fayil ɗaya a gabanku, sannan shi ma ko sau ɗaya a wata ya buɗe diskin ya tabbatar aikin wannan makon yana ciki.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya