Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tarihi Da Al'adu Ta Jihar Kano

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan wani dattijo da ke unguwarmu a cikin birni, da ire-irensa. Yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin Hausa a farkon shekarun 1990, lokacin da ake lallaɓawa da kyamarar ɗaukar biki. Amma asalin sana'arsa hoto ce, kuma bai taɓa rabuwa da ƙaramar kyamararsa ba. In an fita lokeshan ana jiran jaruma ta gama kwalliya, shi yana can yana ɗaukar gari: marina a Ƙofar Mata, 'yan koli a Kurmi, rufin gidaje daga kan Dala. An sha zuga shi ya koma Abuja inda kuɗin yake, ya ƙi.

A adakarsa akwai hoton tsohuwar Ƙofar Na'isa kafin a rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi. Har sawun hannun magina ana gani a jikin yaɓen, ga wani ɗan garuwa yana shigewa da tulluna. Yaron da aka haifa bayan wannan shekara, ina zai ga ƙofar nan?

To, adakar tana cikin ɗakin ƙasa. Danshin damina ya manne wasu hotunan da juna, fumfuna ta kama kasa-kasan bidiyon, gara kuma ba ta san tarihi ba. Idanunsa sun fara rauni, kuma shi kaɗai ya san wane lungu ne wannan, wace shekara ce.

Abin takaici, in muna son ganin Kanon da, sai mu nemi hotunan Turawa. Ofishinku ma a gidan Hanns Vischer yake, wato Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa. Hotunan 'ya'yan garin kuwa babu mai tambaya.

Roƙona shi ne ku tura ma'aikata gidajen waɗannan mutane da na'urar kwafar hoto, su zauna da su, a rubuta wuri da shekarar kowane hoto daga bakin mai shi. A biya su, a bar musu haƙƙin mallaka, sannan a baje hotunan a Gidan Ɗan Hausa 'yan makaranta su gani. Samun sunayensu ba wuya: Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa 'yan fim rajista, kuma ta iya nemo mutum in tana nemansa.

Don Allah a fara kafin ruwa ya sake sauka.

Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani mazaunin cikin birni, Kano.