Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga direban da ya tambaye ni haƙƙinsa a hannun 'yan Murur

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron 'yan uwa da muka yi a Shari' Mansur, nan Makka, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko baƙo mai iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, yana da wani haƙƙi idan ɗan Murur, wato ɗan sandan hanya, ya tsayar da shi a hanya, ko kuwa abin da ya rage masa kawai ya sunkuyar da kai ya biya tara. Kiran salla ya katse mana zancen, kuma tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito fili, domin na ga yadda direbobi da yawa suka gyara zama lokacin da kake magana.

Kana da haƙƙi, kuma dokar hanya ta Saudiyya, wadda aka kafa a shekarar 1428 ta Hijira, wato 2007, aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya, ba ta keɓe shi ga ɗan ƙasa ba. Sai dai yawancin mutanenmu suna nemansa a wurin da ba a bayar da shi. Bakin titi wurin nuna takardu ne. Idan an tsayar da kai, ko a shingen Shumaisi tsakanin Jidda da Makka ne ko a cikin gari, ka faka a gefe, ka miƙa iƙama da lasisi da istimara, wato takardar rajistar mota, kuma waɗanda ke cikin Absher, manhajar gwamnati, a wayarka ma karɓaɓɓu ne. Kana iya tambaya cikin ladabi wane laifi aka rubuta maka. Idan abin ya kai ga tsarewa, dokar shari'ar laifuka ta wajabta a gaya maka dalili, a kuma bar ka ka sanar da wanda kake so, ko kafilinka ne, wato maigidan da iƙamarka take ƙarƙashinsa, ko ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku da ke Jidda. Kada ka sa hannu a takardar Larabcin da ba ka fahimta ba kafin a fassara maka ita.

Abubuwa biyu nake roƙonka da girman Allah ka nisanta. Kada ka taɓa miƙa wa jami'i kuɗi, ko da wasa, domin abin da wasu suka saba kira na goro a gida, a nan cin hanci ne wanda hukuncinsa yake iya kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan ɗaya, kuma mai bayarwa ma yana ciki. Sannan kada ka ɗauki jami'i bidiyo ka watsa, domin dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya hawa kanka, alhali tarar da kake gudu ba ta fi riyal 300 na rashin ɗaura bel ba.

Inda haƙƙinka yake da ƙarfi shi ne bayan an rubuta muhalafar, wato laifin hanya da tararsa. Doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da aka sanar da kai ka shigar da ƙin amincewa, kuma ana yin haka ta Absher ba tare da ka taka ƙafa zuwa wani ofis ba. Tun da aka fara aiki da kyamarorin Sahir masu kama laifin hanya a 2010, yawancin tara ba ta biyowa ta hannun mutum, saƙo ne kawai yake faɗowa a waya, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke ɗauka cewa na'ura ba ta kuskure. Ni kaina an taɓa rubuta mini gudun wuce ƙa'ida a ranar da motata take kwance a gareji an sauke injinta. Na karɓi rasit ɗin makaniki mai ɗauke da kwanan wata, na rubuta bayani gajere ba tare da zargin kowa ba, na shigar kafin wa'adi ya cika, kuma aka soke ta. Da na tsaya ina ba abokai labarin zaluncin da aka yi mini a majalisa har wata ya shige, da na biya kuɗin laifin da ban yi ba. Wannan jinkirin shi ne abin da ya fi ci mini rai a al'amarin mutanenmu, domin mutum zai yi mako uku yana huci, amma ba zai ɓata minti goma ya rubuta hujjarsa ba.

Idan kuwa ka san ka yi laifin, kada ka ɓata wa kanka lokaci. Ƙetare jar danja riyal 3,000 zuwa 6,000 ne, riƙe waya a hannu ana tuƙi riyal 500 zuwa 900, kuma ban ga abin tausaya wa wanda ya keta danja a titin da yara suke tsallakawa ba. Bayan kwana 30 ɗin nan akwai kwana 15 na biya, ana iya neman ƙarin kwana 90, kuma doka ta buɗe ƙofar ragi har kashi 25 cikin 100. Wanda ya bari tara ta taru yakan gane kurensa ne ranar da yake neman bizar fita, jakarsa a ɗaure, a ce masa sai ya biya.

Akwai wani gefe da ba ka tambaya ba, amma ya fi shafarka tun da ka ce motar gidan kafilinka kake ja. Ka tabbatar an yi maka tafwidi, wato izinin tuƙa motar, a cikin Absher, kuma ka san cewa idan an rubuta ka a matsayin mai amfani da ita, muhalafar Sahir kan lambar iƙamarka za ta riƙa sauka, ko da ɗan maigida ne ya ɗauke ta da dare. Saboda haka ka riƙa duba saƙonninka, ka rubuta ranaku da lokutan da motar ba ta hannunka, kuma ranar da ka bar aikin gidan, kada ka tafi sai an cire sunanka daga kanta. Na san faɗa wa maigida irin wannan magana yana da nauyi, amma ya fi sauƙi a ranar farko fiye da bayan kuɗi sun taru.

In kuwa haɗari ne, kada ka bar wurin, kada kuma ka yarda da sulhun baki da wanda ba ka sani ba. Idan babu rauni kuma akwai inshora, Najm, kamfanin binciken haɗarin motoci masu inshora, ake kira su auna laifin kowa, idan kuwa an ji ciwo, ka kira 911 a nan yankin Makka. Kason laifin da aka ɗora maka ma ana iya ƙin amincewa da shi.

Ka ce mini a bakin masallaci akwai muhalafa biyu da suka shigo maka cikin watan nan. Ka duba kwanan watansu yau, ka zo mini da wayarka bayan sallar Juma'a mu duba ko wa'adin bai ƙare ba.

Allah ya tsare hanya.

Babanka a wannan sana'a,
daga Makka.